Turancin Ciki a Gidan Makoki

Shekara shida Hafizu ya yi a Ikko. Ya dawo Konni da jaka ɗaya, da baƙin tabarau, da labarin cewa ya iya Turanci. Ba irin Turancin da kowa ke tsinta a bakin iyaka ba, na “kam” da “go” da “sori”. Wannan, in ji shi, Turancin waje ne, wanda aka bar wa direbobi da masu talla. Shi abin da ya kawo Turancin ciki ne, wanda Turawa ke yi a tsakaninsu in sun rufe ƙofa.

A gidan yayarsa Adda Lubabatu ya sauka, a ɗakin da take ajiye buhunan wake. Wata uku aikinsa bai wuce ya tashi da safe ya zagaya tasha, ya leƙa kasuwa, ya tsaya bakin gudro, titin kwalta, yana kallon manyan motocin siminti na wucewa daga Malbaza, ya dawo gida ya ce garin bai canza ba.

“Gari bai canza ba,” in ji Adda, “amma tukunyata ta canza. Da mutum huɗu taka ciyarwa.”

“Adda, ki yi haƙuri. Mutum mai ilimi ba ya kama aiki da gaggawa.”

“Amma shina kama cokali da gaggawa.”

To, a tashar 'yan kabu-kabu ta bakin kasuwa akwai wata jar moto, wato babur, ta sandika, ƙungiyar masu sana'ar. Ba ta kowa ba ce. Al'adarsu ita ce, in an samu matashi marar aiki da aka yarda da shi, a ba shi makulli ya yi aiki da ita har ya tsaya da ƙafarsa, sannan ta wuce ga wani. A lokacin nan wanda ke riƙe da ita ya sayi tasa, makulli ya koma aljihun shugaban sandika, Mamman Sani, dattijo mai furfura a gemu wanda ba ya yanke magana da wuri.

Mutum biyu ke jiran makullin nan. Ɗaya Hafizu. Ɗaya Muttaƙa, mutumin Bazaga, wanda jakinsa ya mutu ya bar shi da amalanke ba abin ja. Muttaƙa ba shi da baki. Kullum shi ke share tasha, shi ke tura moton da ta ƙi tashi, shi ke riƙe taya in ana liƙi.

Hafizu ya dubi tsintsiyar Muttaƙa ya ce wannan ba hanyarsa ba ce. Ya samu shugaba a ƙarƙashin dogon yaro ya ce zai buɗe wa 'yan kabu-kabu lakwal, wato makaranta.

“Lakwal ta mi?” in ji Mamman Sani.

“Ta Turancin ciki. Duk fasinjan Najeriya da yaj ji shi a bakin ɗan kabu-kabu, ba ya sake hawa moton kowa.”

“Fasinjan Najeriya ai Hausa suka yi.”

“Don ba ku ba su zaɓi ba na, shugaba.”

Mamman Sani ya sosa gemu ya ce inuwar bishiyar ba ta kowa ba ce, in yana so ya gwada a nan.

Akwai abin da Hafizu bai gaya wa kowa ba. Turancin nan nasa duk yana cikin wani ɗan littafi marar bango da yake ɓoyewa a aljihun ciki. Kuma ya haddace shi ne yadda ya saba haddar karatu tun yana ƙarami: daga farko, a jere, da murya mai daɗi, jiki na rangaji gaba da baya. In aka bar shi ya faro daga lamba ɗaya, sai ya zubo kamar famfo. In aka ce ya ɗauko ɗaya daga tsakiya, to sai ya koma lamba ɗaya ya tako a hankali har ya iso ta. In kuwa aka katse shi a hanya, komai ya zube, sai a sake lale.

Don haka yadda ya koya, haka ya koyar. Da tsakar rana in fasinja sun yi ƙaranci, sai ya tsaya gaban benci, ya gyara tabarau, ya ja baki, su kuma su amsa da ma'ana.

“A blessing in disguise.”

“Alheri a ɓoye.”

“A piece of cake.”

“Abu mai sauƙi.”

“An arm and a leg.”

“Tsada ba kaɗan ba.”

Abin ya karɓu, don muryar na da daɗi kuma ba a biyan komai sai kofin shayi. Kafin mako biyu amshin ya zauna musu a baki. Mutum na kwance ƙarƙashin moto yana ɗaure noti, Hafizu na ja daga can, sai ka ji ya amsa daga ƙasa bai ma san ya amsa ba. Har mai shayi ya iya.

Wanda ya fi kowa ƙwazo Mamadu ne, wani dogo mai saurin yarda. Shi ya fara gwada ilimin a kan fasinja. Wata 'yar kasuwa Inyamura ta zo da kwandon busasshen kifi tana sauri za ta bakin iyaka. Mamadu ya ɗaura kwando, ta hau, ya tada moto, sai ya ga bai kamata a tafi haka shiru ba.

“Mushe,” ya kira Hafizu, don haka suke ce masa yanzu, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, “ƙaƙa aka cewa mu kama hanya?”

Hafizu ya ɗaga hannu alamar a dakata. Ya rufe ido. Leɓɓansa suka soma motsi, jikinsa ya soma rangaji. Abin da ake nema lamba talatin ne. Matar ta dubi agogo. Ta dubi Mamadu. Ta dubi mutumin da ke rangaji ido rufe a tsakar rana. Ta sauka, ta kwance kwandonta da kanta, ta hau wata moton.

Hafizu ya buɗe ido. “Hit the road,” ya ce.

“Ta riga ta yi,” in ji Mamadu. “Mi yas sa ka daɗe haka?”

“Turancin ciki ba ruwan randa ba na da aka ɗiba da moɗa. Na rijiya na. Sai an zura guga.”

Mamadu ya ga maganar ta yi ma'ana, ya haƙura.

Bayan kwana uku Mamadu ya kai wani fasinja ƙetaren iyaka. Wani mai kaki ya tsayar da shi ya ce takardu, da sauri. Takardun suna ƙarƙashin kujera, sai an kwance igiya. Mamadu ya tuna lamba talatin da ɗaya, ya ga ranarta ta zo. Ya dubi mai kaki cikin ladabi, ya yi murmushi, ya ce, “Hold your horses.”

Sai bayan la'asar ya dawo tasha, ya yini a kan wani benci marar inuwa, bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

“Kai kac ce ma'anarta dakata.”

“Dakata ta,” in ji Hafizu.

“Ya ce wa ya ba ni izinin in yi mai magana kamar ni yayanai na.”

“Ya gane ke nan. Da Turancin waje kay yi, da bai ko dube ka ba.”

“Ya dube ni. Awa biyar shina dubana.”

“Ma'ana ba ta da laihi, Mamadu. Sa'a ta ba ka yi ba.”

Mamman Sani na zaune yana jinsu. Ya sa hannu a aljihu, makulli ya yi ƙara, ya fitar da hannun ba komai. Hafizu ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

Ana cikin haka aka yi wa Oga Ndu rasuwa. Oga Ndu shi ke da shagon kayan moto a bayan tasha. Shekara ashirin yana Konni yana sayar musu da taya da sarƙa da fulogi, ya san moton kowa da ciwonta, ya iya Hausa har da zambo. Mahaifiyarsa ce ta rasu can ƙasarsu, tsohuwa mai shekara casa'in. Ya je aka yi jana'iza, ya dawo tare da babban yayansa, wani tsohon hedimasta da ya rako shi don ya ga inda ƙanen nasa ke zaune. Shi yayan ba ya jin Hausa ko “zo”.

Mamman Sani ya tara 'yan sandika ya ce ranar Lahadi bayan la'asar za a je ta'aziyya gaba ɗaya.

“Oga Ndu namu na,” ya ce. “Amma akwai baƙo. Ina son tsohon ga ya koma gida ya hwaɗi cewa ƙanenai cikin mutane yake zaune. A yi mai ta'aziyya da harshen da shika ji.” Ya juya. “Hafizu. In ka hid da mu kunya, makulli naka na.”

Muttaƙa na gefe da tsintsiya. Ya tsaya kaɗan, ya ci gaba da shara.

Hafizu ya miƙe tsaye ya ce an zo gidansa. Ya ce mutuwa a Turancin ciki tana da kalmarta ta musamman, wadda ko a Ikko ba kowa ya sani ba.

“Ba sori aka cewa ba?” in ji mai shayi.

“Sori ta wanda anka taka ma ƙahwa ta cikin kasuwa. Uwa guda za a ce ma sori?”

Ranar Lahadi ya ari babbar rigar mijin Adda, wadda ta fi shi tsawo da taƙi guda. Ya gaya wa Adda ta shirya, daga gobe ba ta sake hawa motar haya zuwa kasuwar Galmi, shi zai kai ta ya dawo da ita.

“Mi za ka ce musu can?” ta tambaye shi.

“Ba za ki gane ba, Adda.”

“Ni ban da damuwa. Su dai su gane.”

Ya riga ya tsara komai. Jawabin gajere ne: ya kira Oga, ya ambaci uwa, ya sako kalmar nan, ya zauna. Matsalar ɗaya ce, kalmar tana lamba talatin da bakwai. Don haka tun a ɗakin wake ya rufe ido ya tako har ya iso ta, ya kama ta ya riƙe a baki yana maimaitawa a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ya fito bai yi wa Adda sallama ba. A tasha aka gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Ya hau bayan Mamadu leɓɓansa na motsi.

“Mushe, lahiya?”

Hafizu ya daki kafaɗarsa alamar ya tuƙa kawai.

Moto ashirin da uku suka tsaya a ƙofar gidan Oga Ndu, Muttaƙa a bayan mai shayi. A tsakar gida an kafa rumfa, an jera kujerun roba da tabarmi. Ga hoton tsohuwa a kan tebur, da farin ɗankwali, tana kallon kowa. Matan 'yan uwansu na gari suna gefe ɗaya da tire na lemo. Maƙwabta sun cika zaure. Tsohon hedimasta na zaune a tsakiya cikin baƙaƙen kaya, kansa fari fat, da tabarau mai kauri, bayansa a miƙe kamar an sa masa sanda.

Hafizu ya kai har bakin rumfa kalmarsa na nan daram. Sai Oga Ndu ya taso tarbar baƙi. Mutumin da ya shekara ashirin a Konni ba ya gaisuwa rabi.

“A'a, Hafizu. Sannu da zuwa. Ina wuni?”

Hafizu ya gyaɗa kai.

“Ina gajiya? Ina Adda? Ina maigidanta?”

Hafizu ya ƙara gyaɗa kai, ya haɗa da murmushi.

Mamman Sani ya zungure shi da gwiwar hannu. “Ana gaishe ka. Gidan rasuwa muke.”

“Lahiya lau,” in ji Hafizu.

“Ina yara? Ƙaramin nan ya warke?”

“Ya warke.”

“Ina zaman gida? An saba?”

“An saba. Ya haƙuri, Oga?”

“Haƙuri sai ma'abucinsa. Ina ƙoƙari?”

Kafin a kai ga zama, Hafizu ya laluba bakinsa ya ji wayam. Kalmar ta tafi, ba ta bar ko harafin farko ba.

Aka zauna. Mamman Sani ya yi gyaran murya ya ce sandika ta zo da mai magana. Oga Ndu ya raɗa wa yayansa, tsohon ya juyo ya gyaɗa kai cikin girmamawa.

Hafizu ya miƙe, ya tattare rigar aro, ya cire tabarau.

“Oga,” ya ce. “Your mother.”

Ya tsaya. Kowa na jira. Wata kaza ta ratsa tsakar gida ta wuce.

Ba shi da wata hanya sai wadda ya sani. Ya rufe ido. Jikinsa ya soma rangaji. Ya yi niyyar ya tako a zuci, amma tsoro ya sa muryar ta fito fili, da waƙarta da komai.

“A blessing in disguise.”

Baki ashirin da uku suka amsa tare, ba wanda ya shawarci wani. “Alheri a ɓoye.”

Tsohon hedimasta ya ɗan karkata kai.

“A piece of cake.”

“Abu mai sauƙi.”

Su dai 'yan kabu-kabu sun ɗauka haka tsarin ta'aziyyar Turawa yake, ana ja ana amsawa. Suka gyara zama suka saki murya, don a ga an koyar da su. Wani ma har ya sunkuyar da kai don nuna alhini. Turancin na faɗawa kunnen hedimasta, Hausar na faɗawa kunnen maƙwabta da ke zaure, shi kuwa Oga Ndu da ke jin duka biyun, kowace magana sau biyu take samunsa.

Hafizu ya ji a jikinsa cewa abin ba daidai yake tafiya ba. Amma ya san in ya tsaya komai zai zube. Ya ƙara sauri.

“An arm and a leg.”

“Tsada ba kaɗan ba.”

“Beat around the bush.”

“Kewaye-kewaye.”

Da aka iso “Call it a day,” aka amsa “A tashi haka nan,” sai mutum biyu na baya suka miƙe suna neman takalmansu. Mamman Sani ya harare su suka zauna. Sannan ya miƙa hannu ya ja gefen rigar Hafizu.

“Kai,” ya ce a hankali, “mi kaka yi?”

Hafizu ya buɗe ido. “Shugaba, don Allah kada a katse ni.”

“Ina ta'aziyyar?”

“Tana tahe. Tana gaba.”

Ya sake rufe ido. Ya nemi inda ya tsaya, babu. Ya koma farko.

“A blessing in disguise.”

“Alheri a ɓoye,” in ji jama'a, wannan karon da ƙarfi, don sun ga an maimaita, sun ɗauka nan ne zuciyar maganar.

Oga Ndu ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Mamman Sani ya janye hannunsa daga rigar, don ya fahimci jan ba ya rage tafiyar, ƙara ta yake yi.

Daga nan Hafizu ya sheƙa a guje. Gumi na bin wuyansa, rigar aro na kaɗawa, amshi na binsa ba ya tsallake ko ɗaya.

“Fit as a fiddle.”

“Lahiya garau.”

“Good riddance.”

“Gara da anka rabu.”

Wata mata ta ajiye tiren lemo a ƙasa a hankali, ta naɗe hannuwa a ƙirji. A zaure wani tsoho ya tambayi na kusa da shi ko tsohuwar ta yi wa 'yan kabu-kabu wani abu ne.

“In hot water.”

“Cikin wahala.”

“Jump for joy.”

“Tsalle don murna.”

“Kick the bucket.”

“Ya mutu.”

Hafizu ya buɗe ido. Ya iso. Ya ja numfashi, ya dubi hedimasta ido cikin ido, ya nuna hoton da ke kan tebur da hannu biyu.

“Your mother kick the bucket,” ya ce. Ya juya ga shugaba. “Shi ke nan.”

“Ta mutu,” Mamadu ya gyara wa sauran, “tunda mace ta.”

Tsohon hedimasta ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya yi wa ƙanensa magana da harshensu, ba tare da ya ɗaga murya ba.

“Yayana ya ce a ba shi littafin,” in ji Oga Ndu.

“Wane littahi?” in ji Hafizu.

“Ya ce shekara talatin da biyar yana koyarwa. In ya ji A da B da C suna tafiya a jere, ya san akwai littafi a kusa.”

Hafizu ya dubi Mamman Sani. Mamman Sani ya dubi aljihun Hafizu. Sai da ya ɗage babbar riga, ya ɗage ta ciki, sannan ɗan littafin ya fito, ya jiƙe da gumi. Aka miƙa shi hannu zuwa hannu har ya isa.

Tsohon ya buɗe. A shafukan farko, gefen kowace magana an rubuta ma'anarta da Hausa da biro shuɗi. Ya yi ta juyawa har inda biron ya ƙare. Daga nan zuwa ƙarshe takarda fes, ba a taɓa ko lanƙwasa ta ba. Ya ɗaga littafin ya nuna wa jama'a kaurin abin da aka karanta da kaurin abin da ya rage. Na farkon bai kai kaurin ƙosai ba.

Ya yi tambaya, Oga Ndu ya fassara. “Ya ce wa ya rubuta maka ma'anar?”

“Wani ɗalibi.”

“A wace makaranta?”

“Cikin mota. Ranar da nika komowa gida. A tasha nis sayi littahin, shi kuma kujerarmu ɗaya.”

“Me ya sa ya tsaya a arba'in da ɗaya?”

Hafizu ya dubi ƙasa. “A Kontagora yas sauka.”

Wani a cikin 'yan kabu-kabu ya yi tari.

“To shekara shidan da kay yi a Ikko hwa?” in ji Mamman Sani.

“Kasuwar albasa niz zauna, shugaba. Duk 'yan gida na. Rabinsu ma mutanen Galmi.”

Hedimasta ya koma lamba talatin da bakwai, ya sa yatsa a kan wasu ƙananan layuka da ke ƙarƙashinta, ya karanta a fili, sannan ya yi bayani mai ɗan tsawo. Oga Ndu ya saurara har ƙarshe.

“Ya ce ma'anar da aka ba ka daidai ce, mutuwa ce. Amma ga shi an rubuta a ƙasa, magana ce ta wasa, ba a yin ta gaban wanda aka yi wa rasuwa. Irin wadda za ka yi wa abokinka in tsohon bunsurunsa ya mutu. Ya ce kowace ɗaya a littafin nan an rubuta mata inda ake faɗinta da wanda ake faɗa wa. Ba ka karanta ba?”

“Ƙananan rubutun?” in ji Hafizu. “Na ɗauka adireshin masu buga littahin na.”

Tsohon ya juya shafuka da yawa, can cikin fararen da ba a taɓa ba, ya tsaya a wani wuri. Ya dubi hoton mahaifiyarsa, ya ce a hankali, “She passed away.”

“Ya ce wannan kake nema,” in ji Oga Ndu. “Ita ake faɗa gaban 'ya'ya.”

Bakuna biyu ko uku suka buɗe za su amsa, suka ga ba a koya musu amshinta ba, suka rufe.

Hafizu ya miƙa hannu a ba shi littafinsa. Hedimasta ya rufe shi ya sa a aljihunsa.

“Ya ce zai riƙe maka har a gama karɓar gaisuwa,” in ji Oga Ndu. “Akwai sauran masu zuwa.”

Mamman Sani ya miƙe. Ya ce da Hausa, “Oga Ndu, ku yi muna gahwara. Allah shi ba ku haƙuri, shi sa ta huta.” Oga Ndu ya fassara cikin numfashi ɗaya, tsohon ya sunkuyar da kai.

Aka tashi ana wucewa ɗaya bayan ɗaya ana miƙa hannu. Da aka zo kan Muttaƙa, sai ya durƙusa gaban tsohon, ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Sori, Baba,” ya ce. “Sori.”

Tsohon ya riƙe hannun bai saki ba. Ya daɗe a haka, idanunsa sun kawo ruwa a bayan tabarau, layi ya tsaya ana jira, ba wanda ya ƙosa.

A ƙofar gida, ana tada motoci, Mamman Sani ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Bai yi jawabi ba. Ya sa shi a tafin Muttaƙa ya naɗe masa yatsu a kai. Sannan ya juya ga Hafizu, wanda ke tsaye yana riƙe da gefen riga don kada ta sha ƙasa.

“Littahin ga, magana nawa ag gare shi duka?”

“Ɗari biyar, shugaba.”

“To mun gode Allah da mutuwar ba ta can ƙarshe. Da nan za mu yi sallar magariba.”

Muttaƙa ya ce in Hafizu zai jira ya ɗauko moton daga tasha, sai ya kai shi gida. Hafizu ya ce a'a, yana son ya sha iska.

Ya iske Adda a ƙofar gida tana tsintar wake a faifai. Mutum uku sun riga shi kawo mata labari, kowa da irin nasa. Ba ta ɗaga kai ba.

“Na ji an yi karatu.”

“An yi.”

“An ce har sau biyu anka hwara.”

“Shugaba na yak katse ni.”

“Cire rigar mutane ka ninke.” Ta watsar da wani ƙwaro daga faifai. “Hafizu, cikin Turancin nan naka na ciki, akwai abin da aka ce ma wanda yat tahi ɗaukar moto ya komo da ƙahwa?”

Hafizu ya tsaya da riga a hannu. Ya rufe ido. Leɓɓansa suka soma motsi, jikinsa ya soma rangaji. Adda ba ta katse shi ba, ta ci gaba da tsintar wakenta har ya bi arba'in da ɗayan nan kaf. Ya buɗe ido.

“Akwai,” ya ce. “Amma shina gaba da Kontagora.”